Ambaliyar Hancock Ba Ta Nuhu Ba Ce

A 2022 Netflix ya fitar da shirin Ancient Apocalypse na Graham Hancock, ɗan jaridar Ingila da ya rubuta Fingerprints of the Gods a 1995. Da'awarsa ita ce, an yi wata al'umma mai zurfin ilimi wadda bala'i da ambaliya suka shafe wajen shekara 12,800 da suka wuce. 'Yan tsirarun da suka tsira, in ji shi, su ne suka bi duniya suna koya wa mutane noma da gini.

Mai wa'azi yana jin haka, zuciyarsa ta tafi Farawa 6–9, ya ce ga shaida ta samu. 'Yan'uwa, a yi hankali. Ambaliyar Hancock tauraro mai wutsiya ne ya jawo ta. Babu zunubi a cikinta, babu hukunci, babu alkawari. Wanda ya hau mimbari da ita ya ari labarin da bai san Allahn Nuhu ba.

Hujjar ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Hancock bai nuna birni ɗaya, ko kabari, ko sakaina ta wannan al'umma ba. A Giza kuwa an tono garin ma'aikata, da wuraren gasa burodinsu, da kaburburansu. A 2013, a Wadi al-Jarf, an sami takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, inda ya rubuta yadda suke jigilar duwatsu cikin jirgin ruwa daga Tura domin dalar Khufu. Dalar Cholula ta Meksiko, wadda shirin ya nuna, an fara ta fiye da shekara 2,000 bayan wannan. Wane malami ne zai koyar da su duka biyu?

Abin da ya fi damuna shi ne, mu a Afirka mun san wannan waƙa. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya ga kawunan Ife, ya ce aikin mutanen Atlantis ne. Ban ce Hancock yana da niyyarsa ba, amma ƙirar maganar ɗaya ce: 'yan ƙasa ba za su iya ba sai da baƙo. Kafin Frobenius, a 1871, Karl Mauch ya ga ganuwar Babbar Zimbabuwe ya jingina ta ga Sarauniyar Sheba. Da Littafinmu Mai Tsarki aka ƙwace wa kakannin Shona gininsu, har sai da David Randall-MacIver a 1905 da Gertrude Caton-Thompson a 1929 suka tona, suka nuna cewa 'yan Afirka ne suka gina shi.