Tsokaci Kan Littattafan HEAT na Ma'aikatan Lafiyar Karkara a Habasha

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi tsokaci a kan littattafai 13 waɗanda Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ingila ta shirya tare da masanan ƙasar Habasha, a ƙarƙashin shirin HEAT da aka ƙaddamar a 2011. An yi su ne domin ƙara ilmin matan da gwamnatin Habasha ta riƙa ɗauka bayan ta kafa shirin lafiyar karkara a 2003, watau waɗanda akan yi wa horon shekara guda, sa'an nan a tura su bibbiyu kowane yanki mai mutane kimanin 5,000.

Lalle aikin ya cancanci yabo. Darussan sun ƙunshi awon ciki da karɓar haihuwa da rigakafi da cimaka, kuma kowane darasi yana ƙarewa da tambayoyin gwada kai. Haka kuma an sake su bisa izinin Creative Commons, wanda ya yarje wa kowa ya kwafa, ya gyara, ko ya fassara ba da biyan kuɗi ba. Daga baya aka zuba su cikin manhajar OppiaMobile, yadda za a iya karanta su a waya ko babu intanet.

Amma fa da Turanci aka rubuta su. Marubutan suna da hanzari, gama da Turanci ake koyarwa a makarantun horon. Sai dai ma'aikaciyar ba da Turanci za ta yi wa mai ciki bayanin alamomin jijjiga ba. Da Amharanci ne, ko Oromanci, ko Tigiranci. Ashe ke nan fassarar da ba a yi a ofis ba, an bar mata ita ta yi da ka, a gaban majinyaciya, ba ƙamus, ba mai gyara. A ganinmu izinin fassara dabam, fassara dabam. Zuba doguwar sadara cikin ƙaramar waya kuwa bai rage mata wuya ba. Masu shirin Mobile Academy, wanda BBC Media Action ta fara a Jihar Bihar ta Indiya a 2012, sun fi fahimtar wannan: murya suka ɗauka cikin harshen ƙasa, kowace irin waya kuma tana iya kira a saurara.

Saura batun awo. Galibi sakamakon jarrabawa ake kawo mana hujja. A gwajin manhajar Safe Delivery a Habasha, wanda aka buga a 2016, ƙwarewar ma'aikata wajen farfaɗo da jariri ta ƙaru ainun. Mace-macen jarirai a daidai lokacin haihuwa kuwa 14 ne cikin 1,000 inda aka yi amfani da manhajar, 23 inda ba a yi ba, amma masu binciken da kansu sun ce tazarar ba ta kai a yanke hukunci a kanta ba.