Wasan Keke da Komen Tsofaffin Hannu

Duk sanda magidanci ya ɗauko keke da la'asar ya nufi bayan gari, alhali ba gona za shi ba ba kasuwa ba, sai don ya gwada tsayawa a kansa cik ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba, maganar da ke biyo shi guda ce: "Haba Malam, da girmanka?" Masu wannan magana iri biyu ne. Akwai dattawan da ke ganin wasan keke yarinta ce da ya kamata a ajiye ta ranar da aka shafa fatihar aure, akwai kuma samarin da ke ganin wanda ya yi shekaru bai hau ba ya riga ya yi nauyi, gara ya bar wa masu jini a jika. Kuskurensu daga tushe ɗaya ya fito: dukansu sun ɗauka gudu da tsalle su ne wasan keke. Da haka ne, da sun yi gaskiya. Amma ƙashin bayan wasan shi ne iya tafiya a hankali da iya tsayawa, kuma wannan fanni ne da shekaru ke ƙara wa mutum ƙwarewa a cikinsa, matuƙar ya san yadda zai koma.

Tarihin abin a ƙasar Gwandu ba ɓoyayye ba ne. A zamanin da kamfanin Raleigh ke haɗa kekuna a Kano, kafin Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwa, keke shi ne abin hawan malamin makaranta da malamin gona da ɗan kasuwar ƙauye. Yara kuwa a wurin mai keken haya suka koya, suna zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda saboda ba su kai sirdi ba. Daga nan wasa ya tsiro: sakin hannu, miƙewa tsaye a kan sirdi, zama a kan kan keke a juya baya ana tuƙi, sunkuyawa a ɗauki hula a ƙasa ba a tsaya ba. Sai babura masu araha irin su Jincheng da Boxer suka shigo, kabu-kabu ya zama sana'ar samari daga Kalgo har Birnin Kebbi, kekuna suka koma jingine a zaure tayoyi a sace. Tun daga 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, an sake kakkaɓe musu ƙura, masu faci suka sake samun ciniki. Mutanen da suka iya wasa a ƙuruciyarsu sun koma kan sirdi don dole, kuma ba mamaki ƙafa ta fara tuna abin da ta saba.

A wasu ƙasashe wannan wasa ya samu ƙa'ida da alƙalai. Asalin gasarsa yankin Kataloniya na ƙasar Sifen ne, a shekarun 1970, inda Pere Pi, ma'aikacin kamfanin babura na Montesa, ya ƙera wa ɗansa Ot Pi ƙaramin keke don ya riƙa kwaikwayon gasar hawa duwatsu da manya ke yi a kan babur. A 1983 ya kafa kamfanin Monty, ɗan nasa kuma ya ci kambun duniya sau da dama. Yau hukumar keke ta duniya, UCI, tana shirya gasarsa, kamar wadda aka yi a Glasgow a 2023. Dokar da gasar ta fara da ita ce ta fi muhimmanci a nan. Ana shata wa mahayi hanya ta kan duwatsu da gungumomi da bango, a ba shi kimanin minti biyu, duk sanda ya sa ƙafa a ƙasa a rubuta masa laifi ɗaya, idan ya kai biyar ko ya faɗi ya rasa wannan zango gaba ɗaya. A wannan tsari na farko, wanda ya fi ƙarancin laifi shi ya ci. Babu lada ga wanda ya riga isa. Kekunan gasar ma ba su da sirdi, domin babu lokacin zama. Wasan da aka gina a kan ƙirga saukar ƙafa ya riga ya faɗi abin da yake daraja, kuma shi ne abin da tsofaffin 'yan wasanmu suke daraja tun ba su taɓa jin sunan Kataloniya ba.

A duba tsayuwar nan da kyau, domin duk sauran dabaru daga gare ta suke fita. Keken da ke tafiya ba ya faɗuwa saboda da zarar ya karkata dama, mahayi yana ɗan murɗa kai dama, tayoyin su sake shiga ƙarƙashin nauyinsa. Kowa yana yin haka ba tare da ya sani ba. Idan tafiya ta tsaya wannan hanya ta toshe, sai mahayi ya nemo wata. Yana miƙewa daga sirdi, ya daidaita feda biyu a kwance, ƙafar da ya fi amincewa da ita a gaba, sannan ya karya kan keken zuwa gefe, ya bar shi a karye. Wannan karyawa ita ce sirrin, domin tayar gaba da ke kallon gefe tana mai da motsin gaba da baya ya zama motsin hagu da dama. In keken ya fara rinjaya ta ɓangaren da aka karya kan, sai ya ɗan danna feda, keken ya gusa gaba kamar faɗin yatsu uku, ya shiga ƙarƙashinsa. In ya rinjaya ɗaya ɓangaren, sai ya sassauta ƙafa, keken ya ɗan koma baya. Shi ya sa gwanaye ke neman wuri mai ɗan tudu su fuskanci hawa, don gangaren ya riƙa mayar da su baya da kansa. Mai kallo daga nesa zai rantse mahayin bai motsa ba, amma wanda ya matso zai ji sarƙa tana ɗan ƙara tana saki, ya ga tayar gaba tana murza yashi wuri ɗaya har ta yi ɗan gurbi, ya ga ƙugu yana gyara abin da hannu bai gyara ba. Ido ba ya kallon taya, yana kafe ne a kan wani dutse ko kututture taku kaɗan a gaba. Yatsa ɗaya ne a kan birki, sauran suna riƙe da kai riƙon da ba na tsoro ba. Sabon shiga yakan damƙe kan keke har jijiyoyin hannu su tashi, ya riƙe numfashi, ya yi ta kaɗa kai hagu da dama, kuma yawan gyaran nan shi ke kayar da shi. Gwani kuwa gyaransa ƙanana ne, yana yin su tun kafin karkatar ta girma.

Daga nan sai tsayuwa a kan tayar baya kaɗai, wadda ita ke ɗaukar ido a bidiyo. A nan ma birki ne mai aikin, ƙarfin cinya mataimaki ne kawai. Mahayi yana kulle birkin baya, ya jefa ƙugu baya har gaba ya tashi, sannan ya saki birkin na ƙiftawar ido daidai lokacin da ya harba feda rubu'in zagaye, keken ya yi tsalle gaba, ya sake kulle shi kafin taya ta sauka. In sakin ya riga harbin, keken ya zame ya kifar da shi ta baya, in ya makara ƙafa ta daki birki a kulle ba a je ko'ina ba. Saboda wannan ne 'yan gasa ke kankare gefen ƙarfen taya da injin gurza don robar birki ta kama, wasu har kwalta suke shafawa, suna kuma rage iskar taya don ta rungumi bakin dutse. Duk hidimar a kan tsayawa take. Mu da muka san jahi a hawan sallah bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba: kowane doki yana iya sukuwa, abin da ke sa a yi guɗa shi ne yadda mahayi ya ja linzami ya tsaya cak a gaban sarki.

To me ke faruwa da wanda ya bar wannan shekara goma ko ashirin ya dawo? Abin da jiki ya koya na daidaito ba ya gogewa da sauƙi, shi ya sa babu wanda ke sake koyon tuƙin keke daga farko. Ƙafa takan tuna inda za ta danna, ƙugu ya tuna inda zai koma. Abin da ke tafiya shi ne ƙarfin wuyan hannu da damtse da gadon baya, kuma jijiyoyi sun fi tsoka jinkirin farfaɗowa. Haɗarin mai kome yana nan daidai: kansa yana tuna tsallen da ya saba yi yana ɗan shekara goma sha bakwai, gaɓoɓinsa kuwa na ɗan arba'in ne da ya sha zaman babur. Wanda ya biye wa tunanin ya hau bango a makon farko, masu ɗori na Aliero za su gan shi. Amma jiki magayi, kuma babba ya fi yaro jin maganar jikinsa. Tsoron da shekaru suka sa masa, wanda samari ke yi wa kallon naƙasa, shi ne ke sa ya duba inda zai sauke ƙafa tun kafin ya ɗaga taya, ya gwada birki kafin ya amince da shi, ya haƙura da tsayuwa a fili har ta zauna kafin ya nemi dutse. A wasan da ake ƙirga laifi, wannan hali riba ce tsantsa. Gwanin wasan nan Hans Rey, wanda aka haifa a Jamus a 1966, bai sauka daga keke ba har ya manyanta. Martyn Ashton na Ingila ya faɗi yana nuna wasa a 2013, ƙafafunsa suka shanye, amma a 2015 ya koma kan keken da aka gyara masa mazauni, abokansa suka ɗaure shi a kai ya gangaro dutse. Wanda hutunsa na neman abinci ne kawai, da ƙafafunsa biyu lafiya, uzurinsa kaɗan ne.

Masu cewa ganganci ne suna haɗa shi da wasan babur da samari ke yi a rakiyar amarya, kuma wannan haɗi zalunci ne. Wancan gudu ne a kan titi cikin jama'a, wanda ya kuskure ya kwashi ɗan wani. Wannan kuwa ana yin sa a saurin da bai kai na mai tafiya a ƙasa ba, kuma wanda ya kuskure ƙafa kawai zai sauke. Haka nan yaran da ke ɗaga tayar gaba su sheƙa a kan kwalta ana ɗaukar su a waya, ba su burge ni ba. Gudu ne ke riƙe su, a rage shi a ga ko za su yi daƙiƙa biyar. Bidiyon da Danny MacAskill ya yi a titunan Edinburgh a 2009 ya jawo wa wasan miliyoyin masu kallo, ya kuma koya wa da yawa mummunan karatu, domin sun ga tsallen ba su ga shekarun tsayuwar da ke ƙarƙashinsa ba. Batun zubar da girma kuwa, ban san inda aka samo cewa girma yana hana mutum gwaninta ba, a ƙasar da dattawa masu furfura ke hawan angarma, tsofaffin 'yan kokawa kuma ke zama a gefen fage suna gyara wa na baya kamu.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi: keken gasa daga waje yake zuwa, da tsada, kuma tsohon Phoenix mai birkin ƙarfe ba zai jure tsalle daga kan bango ba. Gaskiya ne, kuma kada kowa ya gwada. Sai dai tsayuwa da tafiyar hankali da bin siririyar hanya ba sa bukatar komai sai birki mai kamawa da taya mai iska. Kuma a nan nake ganin mun fi Turawa abin faɗa. Su sai sun jibge duwatsu da gungumomi sun ƙirƙiro wahala, mu kuwa ƙasarmu ta shimfiɗa mana ita. Manomin Wurogauri ko na fadamar Kalgo da ke bin kunyar da ta raba fangalin shinkafa biyu, faɗinta bai wuce taki ɗaya ba, ruwa hagu ruwa dama, buhun taki ɗaure a kariya yana jan keken baya, ya iso inda kunyar ta karye ya ɗan tsaya ya karya kai ya lallaɓa tayar gaba ta haye sannan ta baya, ƙafarsa ba ta taɓa laka ba, wannan mutum yana yin ainihin abin da alƙalan Glasgow ke ba wa maki. Yana yi ne da kaya, a kan keken da ya ninka nasu nauyi, kuma yawanci ba yaro ba ne. Gwanintar ba ta mutu ba lokacin da babur ya zo, ta koma gona ne inda babu mai tafa mata.

Saboda haka in makarantun Gwandu da Kalgo ko masu shirya wasannin sallah za su ba keke gurbi, tseren gudu ba shi ya kamata su fara da shi ba, wannan kowa na yi. A ja layi biyu da toka a fili, tsakaninsu taki ɗaya, a sa lanƙwasa biyu masu tsanani, a ajiye katako a kwance da ɗan tudun ƙasa, a ce a tsaya cik a tsakiya har alƙali ya ƙirga goma. A ƙirga saukar ƙafa kamar yadda ake yi a ko'ina, biyar ta fitar da mutum. A bar kowa ya zo da keken da yake zuwa gona da shi, kuma kada a ware wa magidanta rukuni don tausayi, a haɗa su da samarin a layi ɗaya.