Jinjina ga Masu Rainon Jijiya a Ɗakin Gwaji

Mai ciwon suga da ke zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi da gyambo a ƙafa, sau da yawa bai san lokacin da ƙaya ta soke shi ba, domin jijiyoyin ji da ke tasowa daga gefen lakarsa sun lalace. Saboda irinsa ne masu rainon waɗannan jijiyoyi a ɗakin gwaji suka cancanci jinjina. Tun 1981 Martin Evans da Matthew Kaufman suka raini ƙwayoyin asali na ɓera (waɗanda ke iya rikiɗa su zama wasu ƙwayoyin jiki) a Ingila, a 2006 kuma Shinya Yamanaka na Japan ya mayar da ƙwayar jikin ɓera ƙwayar asali. A kan wannan tushe masana ke ciyar da ƙwayoyin da sinadarai daki-daki, kwana da kwanaki, cikin tsafta mai tsanani, har su zama jijiyar da ke amsa zafi ko taɓawa. Aiki ne na haƙuri, ƙwayar cuta guda kan rushe wahalar makonni.

Wani zai ce ina ruwan mai fama da kuɗin magani da ƙwayar ɓera? Damuwarsa gaskiya ce. Sai dai ba a yanko jijiya daga bayan mai rai don gwada magani, dole a raine ta a faranti. Kuma aikin ya matso kusa da mu: cibiyar BioRTC da Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu tana horar da matasanmu irin wannan bincike, kuma ɗaliban Bauchi na da hanyar zuwa.