Aure da Buri a Wasan Kwaikwayon Zindagi Gulzar Hai: Nazarin Jigo

1.0 Gabatarwa

Zindagi Gulzar Hai wasan kwaikwayo ne na talabijin cikin harshen Urdu, wanda tashar Hum TV ta Pakistan ta nuna daga 2012 zuwa 2013, kashi 26. Umera Ahmed ce ta rubuta shi, Sultana Siddiqui ta ba da umarni. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa wasan bai auna burin mata da mudu ɗaya ba, kuma nan ne rauninsa yake.

2.0 Warwarar Jigo

Tauraruwar wasan ita ce Kashaf, babbar 'yar Rafia, malamar makaranta. Mahaifinta Murtaza ya juya musu baya saboda Rafia 'ya'ya mata uku ta haifa, ya ƙara aure don neman ɗa namiji. Kashaf ta tashi da ɗacin wannan wulaƙanci, ta riƙi karatu, ta sami gurbi a jami'ar 'ya'yan masu hali, daga bisani ta zama babbar ma'aikaciyar gwamnati. A jami'ar ta haɗu da Zaroon, ɗan attajirai, suka fara da gaba, suka ƙare da aure. Marubuciyar ta yi amfani da dabarar littafin sirri, inda kowannensu ke rubuta abin da ke ransa, ta yadda mai kallo kan ji tunanin da ba su furta wa juna ba.

3.0 Mudu Biyu

Idan aka lura, wasan ya raba buri gida biyu. Burin Kashaf abin yabo ne domin talauci ya haife shi, kuma share hawayen uwa ake son yi da shi. Amma Ghazala, mahaifiyar Zaroon, wadda harkokinta na waje suka ɗauke mata hankali, an nuna ta a matsayin uwar da ta saki gidanta. Haka kuma 'yar'uwarsa Sara, aurenta ya mutu bisa zargin rashin biyayya. Wato mace na iya neman ɗaukaka idan dole ce ta sa ta, amma idan ra'ayinta ne, sai ya zama aibu. Shi kuwa Zaroon, mai son iko da zargi, ba a tuhumi burinsa ba ko sau ɗaya. Ko da yake haihuwar tagwaye mata da Kashaf ta yi a ƙarshe martani ne mai kyau ga aƙidar Murtaza, bai goge wannan son kai ba.

4.0 Kwatanci da Adabin Hausa

Wannan jigo ba baƙo ba ne ga mai karatun Hausa. A littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kwikwiyo Ne (1990), Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta bayan ya yi amarya, ita kuma ta riƙe su da sayar da abinci. Rabi da Rafia duk iyaye ne da aka yasar, suka tsaya da ƙafarsu. Bambancin shi ne Balaraba ta nuna komen Rabi a matsayin nauyin da dangi suka ɗora mata, ba ta shafa masa zuma ba. Wasan Urdu kuwa ya lulluɓe sulhunsa da kiɗa da kalaman soyayya, har mai kallo ya manta da tambayar wa ya sadaukar da me.

5.0 Kammalawa

Ga ɗalibar da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola ko Jami'ar Modibbo Adama, wadda ake tambaya ko karatu ba zai hana ta zaman aure ba, labarin Kashaf na da amfani, domin ya tabbatar da cewa ilimin 'ya mace kan ɗaga gida. Sai dai ya kamata a kalle shi da idon basira, saboda izinin da ya bai wa mace na yin buri izini ne mai sharaɗi, sharaɗin da bai gindaya wa namiji ba.