Jigon Ramuwar Gayya a Fina-finan Indiya na Fassara: Nazari daga Batsari da Safana

A shekarar 1959 aka fara watsa shirye-shiryen talabijin a birnin Delhi, kuma a shekarar ce aka buɗe tashar Ibadan, Kaduna ta biyo baya a 1962. Indiyawa sun ga ƙarfin wannan akwati a 1987, lokacin da tashar gwamnati ta Doordarshan ta fara nuna Ramayan, wasan da aka gina kan labarin abin bautar Hindu, har tituna kan yi tsit ranar Lahadi da safe. Da aka kafa Zee TV a 1992, tashoshin tauraron ɗan Adam suka yawaita, hajarsu ta tsallaka teku.

Hausawa sun san fim ɗin Indiya tun zamanin gidajen silima, kamar yadda Brian Larkin ya nazarta a Kano. Sai dai a da harshe katanga ne: ana kallo, ana kintatar ma'ana. Fassara irin ta Algaita ta rushe katangar. Yanzu jarumin yana magana da Hausa, yana rantsuwa da Allah, ya zama tamkar ɗan gari. A Batsari da Safana, inda wutar lantarki ba ta wadata ba, farantin sola da katin waya sun isa su kai shi gidan kallo. Ko da aka katse layukan sadarwa a yankin cikin Satumbar 2021, waɗannan hanyoyi ba su dogara da layin waya ba.

Sukar malamai ta fi karkata ga waƙa da rawa da bayyana tsiraici. Suka ce mai tushe, amma ta bar jigon da ya fi haɗari. Da yawan waɗannan fina-finai zubinsu ɗaya ne: an kashe mahaifi, ɗan sanda ya ci hanci, kotu ta gaza, sai ɗa ya ɗauki makami ya ƙarar da azzalumi da mutanensa, a tafa masa. A garuruwan bakin dajin Rugu, irin su Ruma da Runka, inda ɗaukar fansa tsakanin 'yan bindiga da 'yan sa-kai ya ci rayuka, marayan da ke kallo labarinsa yake gani. Fim bai haifar da wannan fitina ba; tushenta zalunci ne da talauci da rikicin noma da kiwo da yaɗuwar makamai. Abin da fim yake yi shi ne ƙawata mafita guda, ya ɓoye sauran.

Shari'a ta tabbatar da haƙƙin waliyyin jini. Aya ta 178 a Suratul Baƙara ta shar'anta ƙisasi, ta kuma buɗe ƙofar afuwa da diyya. Aya ta 33 a Suratul Isra'i ta hana wuce iyaka wajen kisa, aya ta 164 a Suratul An'am ta kore ɗora wa wani laifin wani. Malaman fiƙihu kuwa sun sanya zartar da hukunci a hannun shugaba da alƙali. Jarumin fim yana keta dukkan waɗannan iyakoki.

Fatawar haramci kaɗai ba ta rage 'yan kallo ba. Ya kamata malamin Islamiyya ya san labarin da ɗalibinsa ya kalla jiya, ya auna masa shi da babin jini a Risala, masu tafsirin azumi a talabijin su ma su ware wa batun zama na musamman.