3.2 Asali da Ma'anar Kalmomin "Allah" da "Ubangiji"

Kalmar "Allah" aro ce daga Larabci, wannan kuwa ba abin jayayya ba ne. Inda malaman nahawu suka yi saɓani shi ne a kan tushenta. Wasu na ganin sunan yanka ne na Mahalicci wanda ba a tsago shi daga wata kalma ba. Wasu kuma suka ce asalinta "al-ilah", aka shafe hamza saboda yawan furuci. Masu wannan ra'ayi su ma sun rarrabu: ko dai daga "alaha" mai nufin bautawa, ko daga "aliha" mai nufin ɗimaucewa, wato hankali ya kan ruɗe idan ya nemi sanin zatinsa. Ma'anar farko ta dubi aikin bawa ne, ta biyu kuwa ta dubi iyakar tunanin ɗan Adam. Akwai 'yan'uwan kalmar a Ibrananci (Eloah) da Aramiyanci (Alaha), sannan sunan Abdullahi, mahaifin Annabi (SAW), ya nuna Larabawa sun san ta tun kafin Musulunci.

Da kalmar ta shigo Hausa sai ta bi ƙa'idar harshen. An yi mata jam'i, "alloli", abin da Larabci bai yarda da shi ba, domin "aliha" jam'in "ilah" ne, ba na "Allah" ba. Wannan jam'i ya sa kalma ɗaya ta ɗauki nauyi biyu, na sunan yanka da na gama-gari. Abubakar Mahmud Gumi ya kauce wa wannan ruɗani a tarjamarsa ta Alƙur'ani, inda ya fassara "ilah" da "abin bautawa".

Ita kuwa "Ubangiji" 'yar gida ce. Harɗaɗɗiyar kalma ce daga "uba" da mahaɗi "-n" da "giji", wanda ke da ma'anar gida, kamar yadda ake gani a "uwargijiya". A nan ne wasu ɗalibai kan yi gaggawar yanke hukunci cewa tun da kalmar Bahaushiya ce, to Bahaushe ya kaɗaita Mahalicci da wannan suna tun zamanin maguzanci. Hujjar ba ta da ƙarfi. Tsufan kalma daban, tsufan ma'ana daban. Ana cewa ubangijin bawa, ana cewa ubangijin doki, har ma da jam'i "iyayengiji", duk kuwa mallaka ake nufi. Haka "rabb" take a Larabci, domin ana kiran maigida "rabbul baiti". Saboda haka ya fi kusa da hankali a ce malamai ne suka ga dacewar kalmomin biyu a wajen tafsiri da wa'azi, suka ɗora wa ta Hausa ma'anar ta Larabci.

Binciken Greenberg (1946) a kan Maguzawan ƙasar Kano yana ƙarfafa wannan fahimta. Ya tarar sun yarda da Allah a matsayin mafi ɗaukaka, amma yanka da roƙo iskoki ake yi wa. Sai dai shi ma binciken yana da iyaka, domin Maguzawan da ya zauna da su sun shafe ƙarnuka suna cuɗanya da Musulmi a kasuwa da gona. Abin da ya ji daga bakinsu ba zai zama shaida a kan sunan da kakanninsu suka yi amfani da shi kafin ƙarni na 14 ba.