BABI NA HUƊU: SIFFAR MUTUM, FILI DA BAJE KOLI A ZANEN JIMO AKOLO

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda zanen fentin mai ya shigo ƙasar Hausa ta hanyar makarantun boko, musamman bayan da aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya a shekarar 1955. A wannan babi kuwa za a ɗauki mai zane guda ɗaya, wato Farfesa Jimo Akolo (1934-2023), a dubi yadda yake zana siffar mutum, da yadda fili yake fitowa a cikin aikinsa, da kuma wuraren da aka baje kolin aikin. An zaɓe shi ne domin yana cikin 'yan ƙalilan daga ɗaliban Zariya na farko da suka mayar da rayuwar Hausawa da Fulani jigon aikinsu na tsawon rayuwa. Ma'aunin da za a yi amfani da shi wajen tarken shi ne idon mutumin da aka zana, ba idon mai saye ba. Saboda haka ne za a riƙa waiwayar Illela, garin da wannan bincike ya ɗauka a matsayin farfajiyarsa.

4.1 Akolo da Makarantar Zariya

An haifi Akolo a Egbe, cikin ƙasar Yagba, wadda a wancan zamani take Lardin Kabba na Jihar Arewa, yanzu kuwa tana Jihar Kogi. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Keffi, inda wani malami Bature, Dennis Duerden, ya lura da baiwarsa. Ya shiga kwalejin Zariya a 1957 ya gama a 1961. Bayan ƙaro ilimi a Ingila da Amurka ya kama aiki a Jami'ar Ahmadu Bello a 1966, ya kuma shafe sama da shekara talatin yana koyarwa.

A 1958 wasu ɗalibai, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Manufarsu ita ce kowane mai zane ya koma ga gadon ƙabilarsa ya haɗa shi da dabarun Turai. Okeke, alal misali, ya koma ga zanen uli da matan Ibo suke yi a jiki da bango. Akolo ya yi tafiya da su na ɗan lokaci, sannan ya janye, domin a ganinsa ba a shata wa mai zane hanya. Wannan janyewa tana da muhimmanci ga wannan nazari, domin da ya bi manufar ƙungiyar sau da ƙafa, da ƙasar Yarbawa kaɗai zai fuskanta. Maimakon haka sai ya ɗaga kai ya dubi abin da ke gabansa a Zariya: makaɗa, da mahaya dawaki, da 'yan dambe, da masu sharo, da masu tallar fura da nono.

4.2 Siffar Mutum

Tsarin koyarwar Zariya na wancan lokaci na Ingila ne, kuma ginshiƙinsa shi ne zana mutum yana zaune ko yana tsaye a gaban ɗalibi. Da fensir ko gawayi ake farawa. Ana koya wa ɗalibi ya auna tsawon jiki da tsawon kai, ya gane ƙafar da nauyin jiki ya sauka a kanta, ya kuma kama karkatar kafaɗa da ƙugu kafin ya kula da ido ko hanci. Irin wannan ɗan zane na share fage shi ne harsashin hoton fenti, kamar yadda karin waƙa yake zaunawa a kunnen marubuci kafin ya ɗora baiti. Baje kolin da gidan zane na kó ya shirya a Legas a 2022 ya haɗa zanen fensir da na fenti da Akolo ya yi daga 1961 zuwa 2015, wanda ya nuna cewa bai ajiye fensir ba har tsufansa.

To amma akwai wata matsala da tsarin Ingila bai tanadi maganinta ba. Bahaushe mai shiga ta kamala ba a ganin gaɓoɓinsa. Babbar riga da rawani da alkyabba sun rufe duk abin da aka koya wa ɗalibi ya auna. Ke nan dole mai zane ya nuna jiki ta hanyar faɗuwar tufa: inda riga ta tattare a kafaɗa, inda ta zubo a kan sirdi, inda iska ta cika ta. A nan ne ƙwarewar Akolo ta fi fitowa. A hotonsa na 1962 mai suna Fulani Horsemen, wato mahayan Fulani, mutum uku ne a kan dawaki suka cika ƙyallen maƙil, har ya zama kamar ƙyallen ya yi musu kaɗan. Bai bi tufafin yana zana kowane zare ba. Ya yanka su ne gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da launinta shimfiɗe, gefenta kuma a fayyace, kamar yadda baduku yake jera jar fata da koriya a fuskar titimi. Duk da haka mai kallo ba ya shakkar cewa akwai mutum mai nauyi a cikin rigar, kuma doki yana ɗauke da shi. Wannan ba ya samuwa sai ga wanda ya daɗe yana kallon mahayi da fensir a hannu.

Sai dai wannan salo yana da abin da yake ci. Bahaushe idan ya ga hawa ba launi yake fara kallo ba, karanta mahayin yake yi. Naɗin rawani mai kunne biyu yana gaya masa cewa jinin sarauta ne. Lifidi da kwalkwali suna gaya masa ɗan lifida ne, sulke kuma ɗan sulke. Kayan doki, tun daga jalala har zuwa linzami da likkafa, suna nuna arzikin gidan da dokin ya fito. Salon da ya mayar da tufa gunduwar launi yana rage waɗannan alamomi, sai mahayi ya koma "wani mahayi" kawai. Idan aka kwatanta da waƙar baka sai bambancin ya ƙara bayyana. Da Ɗan Anace ya tashi wasa ɗan dambe, Shago ya kira da sunansa, ya ambaci abokan karawarsa da wuraren da aka kara. Makaɗi ba ya yi wa "wani ɗan dambe" waƙa. Ɗan damben Akolo kuwa, da mai sharonsa, da mai furarsa, ba su da suna. Wakilan sana'a ne ko na al'ada. Ga mai kallo na Legas ko London wannan ba aibi ba ne, domin al'adar ya zo gani. Ga mutumin Illela kuwa, wanda ya san 'yan damben yankinsa ɗaya bayan ɗaya, tambayar farko da zai yi ita ce, "Wane ne wannan?" Hoton ba shi da amsa.

Ba za a ɗora wa Akolo laifin wannan gaba ɗaya ba. Hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito game da masu sūranta abu mai rai sanannu ne a ƙasar Hausa, shi ya sa fasahar gargajiya ta karkata ga dagi da zanen bango da aska takwas da zayyanar allo. Mai zanen da ya zauna a Zariya ya san cewa ba kowane dattijo zai yarda ya zauna a zana fuskarsa ba. Fuskar da ba ta kowa ba ta fi sauƙin shiga irin wannan al'umma.

4.3 Fili

Kusan duk abin da Akolo ya zana na Arewa a fili yake faruwa: hawa, da dambe, da kokawa, da kiɗa, da talla. Saboda haka ana iya zaton a sami hasken fili a cikin hotunan. Ba haka abin yake ba, kuma wannan yana buƙatar bayani.

Zane a fili da fentin mai ya bunƙasa ne a Faransa a ƙarni na 19, bayan da John Goffe Rand ya ƙirƙiro ɗan bututun ƙarfe na matsa fenti a 1841. Daga nan mai zane ya sami damar ɗaukar kayansa ya tafi bakin kogi. Claude Monet da abokansa, waɗanda suka yi baje kolinsu na farko a Faris a 1874, haske suke farauta: yadda launin ruwa ko na ganye yake sauyawa daga hantsi zuwa la'asar. Ɗaliban Zariya sun gaji wannan al'ada ta fita waje, kuma kasuwar Samaru da ganuwar birni da dutsen Kufena suna kusa da su.

Amma yanayin ƙasar Hausa ba na Faransa ba ne. Fentin mai gari ne na launi da aka kwaɓa da mai, kuma ba ya bushewa kamar ruwa, sai ya sha iska na kwanaki. A ɗauka mai zane ya kafa ƙyallensa a karar Illela ranar Lahadi cikin hunturu, lokacin da shanu da raƙuma da tumaki suke shigowa daga wajen Birnin Ƙonni. Kafin azahar ƙura ta manne a jikin ɗanyen fentin, ba kuwa ta fita. Hazo ya shafe nesa, sama da ƙasa sun zama launi ɗaya. Da bazara kuma rana tana tsakar ka, inuwa ta taƙaice ƙarƙashin ƙafa, farar riga tana kashe ido. Ga yara sun yi da'ira, ga dillali ba ya tsayawa wuri ɗaya. Abin da zai yiwu a irin wannan wuri shi ne fensir da ɗan littafi: layi biyar na wuyan raƙumi, layi uku na Buzu da takobinsa, a juya shafi. Doki mai sukuwa ya ma fi haka wuya. Masu zanen Turai kansu sun daɗe suna kuskuren jeren ƙafafunsa, sai da hotunan kyamara na Eadweard Muybridge suka warware zancen a 1878.

Idan aka dubi hotunan Akolo da wannan a zuci, za a ga cewa ginannun hotuna ne, irin waɗanda ake tsarawa a natse. Launin da ke cikinsu ba na wani lokaci na yini ba ne, zaɓaɓɓe ne domin ya dace da maƙwabcinsa. Bayan mutanen sau da yawa babu gari, babu itace, babu nisa. Abin da ya ɗauko daga fili motsi ne, ba haske ba. Wannan nazari yana ganin zaɓin ya dace da jigonsa, domin abin da ke zama a zuciyar wanda ya kalli jafi shi ne cunkoso da ƙarfin dawaki, ba launin sama ba. Amma an yi hasarar ƙasar kanta. Mai neman jan yashin Gobir, ko gawo da ke fid da ganye da rani, ko duhun hadarin gabas, ba zai same su a nan ba.

4.4 Baje Koli

Akolo ya yi suna da wuri. An ba shi aikin zanen bango a Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke Kaduna. Ya baje kolin aikinsa a kulob ɗin Mbari na Ibadan a 1962, sannan a Cibiyar Ƙasashe Renon Ingila da ke London a 1964. Bayan haka sai sunansa ya lafa idan aka kwatanta da na Okeke ko Onobrakpeya, har ya zama an fi saninsa da malanta. Littafin Chika Okeke-Agulu na 2015, Postcolonial Modernism, ya taimaka wajen dawo da shi cikin zancen masana. Baje kolin Legas na 2022 ya zo shekara guda kafin rasuwarsa. A watan Oktoba na 2025 kuma gidan Tate Modern na London ya buɗe babban baje koli kan zanen zamani na Nijeriya, inda aka nuna hoton mahayan nan uku, wanda mallakar gidan adana kayan tarihi na birnin Bristol ne.

Idan aka jera waɗannan wurare, Ibadan da Legas da London da Bristol, za a ga duk sun yi nisa da mutanen da ke cikin hotunan. Ko zanen Kaduna ma a cikin majalisa yake, inda talaka ba ya shiga. Wannan ya bambanta ƙwarai da sauran fasahohin Hausa. Magini yana zana dagi a fuskar zaure inda duk mai wucewa zai gani. Maɗinki yana ganin aikinsa a ƙirjin mutane ranar Idi. Makaɗi yana waƙa a gaban wanda yake yi wa, a take kuma a yaba ko a kushe. Mai fentin mai kaɗai ne yake ɗaukar siffar jama'a ya kai ta inda ba za su iya cewa ya yi daidai ko ya yi kuskure ba. Don haka duk yabon da aka yi wa Akolo na cewa ya kama rayuwar Arewa, yabo ne daga waɗanda ba su ne masu rayuwar ba.

Ana iya cewa ai jama'ar ce ba ta son hoton mai rai, don haka ko an kawo ba za a kalla ba. Wannan hujja ba ta da ƙarfi sosai. Duk wanda ya tsaya a bakin iyakar Illela zai ga manyan motocin katako suna jiran a duba takardunsu, bayan da yawa daga cikinsu ɗauke da zanen fenti: zaki ya danne barewa, mahayi ya zare takobi, gaggafa ta buɗe fukafukai. Allunan masu aski ma cike suke da kawunan mutane. Direbobi suna biyan kuɗi a yi musu, 'yan kamasho da fasinjoji suna gardama kan wanda ya fi kyau, har sukan gane hannun mai zane kaza da na mai zane kaza. Waɗannan masu kallo ne da suke da ma'auninsu, kuma mahayin da ke bayan mota ɗan'uwan mahayin Akolo ne ta fuskar jigo, ko da yake sun sha bamban wajen horo da tsari. Babi na biyar zai ɗauki waɗannan masu zanen mota na hanyar Sakkwato zuwa Illela, ya dubi kayan aikinsu da yadda suke koyon sana'ar.